Daga Gefe Take Farawa

Kwana tara muka yi a Argungu
da kyamara guda, da janareto mai tari,
da labarin da darakta Tunau ya rubuta a kan gwiwarsa cikin mota:
wani masunci ne amosani ya cinye wa ido,
gashin idon ya juya ciki
yana kartar ƙwayar kamar ƙaiƙayi.

Labbo ne zai fito a makaho.
Ya runtse, ya miƙe hannuwa gaba,
yana tuntuɓen ganganci a bakin gulbi,
mu muna ta madalla.

Sai dariya daga ƙarƙashin rumfa.
Baba Arzika ne, mai ɗinkin koma,
shekara ashirin da shida rabonsa da ganin tafin hannunsa.
Ya ce, "Wa ka tahiya haka, awa ɗan akuya cikin laka?
In makaho shika kwaikwayo ku ce mai shi sauke hannu.
Mu ba mu laluben iska.
Ƙahwa na gani. Kunne na gani.
Ko sanyin ruwa shina hwaɗa maka inda gaɓa take."

Daga ranar shi ke ba da umarni,
Tunau sai riƙon takarda.
Da aka karanta masa ƙarshen labarin,
inda masuncin ya koma bakin kasuwa da ƙoƙo,
allurarsa ta tsaya cak.
"Wa yac ce muku bara nika yi?
Komata har Yawuri aka zuwa da ita."
Tunau ya yage shafi uku,
muka kunna garwashin shayi da su.

Ran na bakwai muka shiga asibiti.
Malama Ige, nas ce ta gaske, ba mu ba ta ko layi ba.
Ina son in gwada haske
sai na zauna a kujerar marar lafiya, don wasa.
Ta ce rufe na dama. Na rufe.
Na karanta allon har ƙasa ina taƙama.
Ta ce kalli hancina,
in ka ga yatsana ka yi magana.

Na jira.
Na jira.
Ɗakin ya yi tsit, har janareton ya ji kunya.
Ashe yatsan ya daɗe a gefen fuskata yana rawa.

Nan na tuna Nomau,
yaron da ke riƙe sandar ɗaukar sauti.
Sau nawa na zage shi
don kan sandar ya leƙo ta hagu a hotona
ban gani ba sai a tebur ɗin tacewa?

Ta ce hawan jinin ido ne.
Gara ce da zana, ba ta ihu,
daga gefe take farawa.
Abin da ta ci ta ci,
saura kuwa ana iya tsare shi:
ɗigo da safe, ɗigo da dare,
kamar yadda ba ka mance alwala.

Mun haska fim ɗin a bangon firamare.
Mata sun zo da yara, an wanke musu fuska tas,
ko don fim ɗin, ko don kunyar Ige.
Baba Arzika ya juya wa bangon kunne ɗaya
har aka tashi bai motsa ba.

Ya ce, "Labbo ya iya tahiya yanzu.
Amma kun ce hantsi na,
ga shi ruwan da ni ji na marece na."

Gaskiyarsa. Bayan la'asar muka ɗauki ƙarar.
Mutum ɗari uku masu ido biyu
babu wanda ya kama mu.

A hanyar Birnin Kebbi mota na tsalle,
na kasa saita kwalbar.
Nomau ya karɓa bai ce komai ba,
ya tallafe mini kai,
ya ɗiga.